Daga Katsina Zuwa Kabarin Chateaubriand

Na bar Katsina da sanyin safiya a farkon watan Yuni, cikin motar haya mai zuwa Abuja, da jaka guda da wata rigar sanyi da na aro wurin wani abokin aikina. Ɗan yayata ne ya gama karatunsa a Rennes, babban birnin yankin Bretagne da ke arewa maso yammacin Faransa, ya matsa sai na je an yi bikin da ni. Ni kuma ina da tawa manufar. Faransanci nake koyarwa, kuma na daɗe ina sa ɗalibai karanta guntayen rubutun François-René de Chateaubriand, ɗan wannan yanki, alhali ban taɓa ganin ko ɗaya daga wuraren da yake siffantawa ba.

Hanyar Funtuwa zuwa Zariya, sannan Kaduna zuwa Abuja, ta cinye mana yini guda cur. Shingayen jami'an tsaro kuwa har na gaji da ƙirgawa. A wani direba ya ɗaga hannu mu wuce, a wani kuma hannun ya fita dunƙule ya dawo a buɗe. Jirginmu ya tashi da dare, gari na wayewa muka sauka a Paris.

A wurin duba fasfo wata jami'a ta nemi takardar masauki da tikitin komawa da shaidar inshorar lafiya, ta jujjuya su, sannan ta tambaye ni abin da ya kawo ni. Na ce bikin ɗana, da kuma ziyarar kabarin Chateaubriand. Ta ɗago kai ta dube ni, ta ce a makaranta an gasa musu aya a hannu da mutumin nan, ba ta taɓa zaton wani zai biya kuɗin jirgi dominsa ba. Ta buga hatimi tana dariya.

Daga tashar Montparnasse jirgin ƙasa mai gudun tsiya ya kai ni Rennes cikin kimanin awa ɗaya da rabi, tafiyar da ta haura kilomita 300. Yaron ya tarye ni a tasha, ya karɓe jakar, ya ce, "Kawu, sa rigar nan tun yanzu, bazarar nan ba irin tamu ba ce." Ɗakinsa na ɗalibai ne, gado ɗaya da teburi da 'yar murhun lantarki. Ya bar mini gadon, shi ya shimfiɗa katifa a ƙasa. Abin da ya fara ruɗa ni shi ne rana. Ƙarfe tara na dare ta yi amma gari tangaran, yara na wasa a waje. Sai bayan goma aka yi magariba, isha'i ta kusa kaiwa sha biyu, kafin barci ya yi nisa kuma asuba ta yi. Na tambaye shi yadda suke yi idan azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, ya ce, "Haƙuri, Kawu, da agogo."

A titunan Rennes za ka ga wasu alluna ɗauke da harsuna biyu, Faransanci da harshen Breton, wanda ɗan'uwan harshen mutanen Wales ne, ba shi da haɗi na kusa da Faransanci. Bretagne ƙasa ce mai sarautarta har zuwa 1532 da aka haɗe ta da masarautar Faransa, kuma har cikin ƙarni na 20 ana hukunta yaran da suka yi harshen iyayensu a makaranta. Amma a yammacin yankin ne harshen ke da tushe. Chateaubriand ɗan gabas ne, da Faransanci ya yi duk rubutunsa. Abin da ya gada daga yankin shi ne teku da daji da ruwan sama da kuma girman kai irin na tsofaffin gidajen sarauta da arziki ya guje musu.

Ranar Asabar muka shiga kasuwar Lices. Ƙamshin wani abu da kowa ke riƙe da shi a naɗe cikin takarda ya ja ni, har na doshi layi, sai yaron ya riƙo hannun rigata ya ce, "Kawu, naman alade ne a ciki." Abincin yankin ke nan, wata waina mai faɗi, siririya, ruwan ƙasa, da ake yi da garin wani baƙin hatsi. Daga baya muka zauna a wani ɗan shago na ci tawa da ƙwai da cuku, bayan na jaddada wa mai hidimar kada a sa nama. Kusan yuro 10 faranti guda. Abin shan da suke kawowa a ƙoƙon tangaram, na tuffa, shi ma akwai giya a ciki, don haka ruwa na sha. Man shanunsu mai gishiri dai ban ga na biyunsa ba.

Combourg, garin da Chateaubriand ya yi ƙuruciyarsa, na kan hanyar jirgin ƙasan da ke zuwa Saint-Malo, garin bakin teku inda kabarinsa yake, kimanin rabin awa daga Rennes. Daga tasha muka taka da ƙafa cikin yayyafi har tsakiyar gari, inda mutum-mutumin marubucin yake, ga kuma gidan can sama yana kallon tafki: katafaren ginin dutse mai hasumiya huɗu, wanda aka soma ginawa tun zamanin da ake yaƙi da takobi. Mahaifinsa, René-Auguste, ya saye shi a 1761. Har yau gidan a hannun dangi yake, don haka ba a shiga sai da ɗan jagora, a rukuni. An sake fasalin cikin gidan a 1876, ya zama mai ado fiye da yadda Chateaubriand ya san shi yana yaro, amma matakalar hasumiyar na nan da ƙuncinta da sanyinta.

Shafukan da na fi koyarwa a nan suka faru. Chateaubriand ya zauna a gidan yana matashi, wajen 1784 zuwa 1786, shi da iyayensa da yayarsa Lucile da 'yan barori kaɗan, a ginin da zai ɗauki mutum ɗari. Ya ba da labarin cewa bayan cin abincin dare uban zai sa wata farar alkyabba da farar hula, ya riƙa safa da marwa a babban zaure wanda kyandir ɗaya ke haskawa. In ya yi nisa sai duhu ya haɗiye shi, sai ƙarar takunsa kawai ake ji, sannan a hankali ya sake ɓullowa. Yaran su ɗan yi raɗa idan ya ba su baya, su yi tsit idan ya juyo. In ya tambaye su me suke cewa, tsoro ba ya barin kowa ya amsa. Ƙarfe goma na bugawa ya ɗauki fitilarsa ya tafi kwanciya, sai bakin kowa ya buɗe.

Shi kuma Chateaubriand can aka ware masa ɗaki shi kaɗai a ƙololuwar hasumiya, nesa da kowa, wai don ya koyi jarunta. Na tsaya a ɗakin. Ƙarami ne, da ɗan gado da taga mai kallon rufin gida, iska na shigowa ta inda ban gani ba. Mutanen gidan sun yi imani cewa fatalwar wani tsohon mai gidan mai ƙafar katako tana yawo a matakala, wani lokaci ma ƙafar kaɗai ke fitowa tare da wata baƙar kyanwa. Da aka zo gyaran 1876 sai magina suka tarar da busasshiyar gawar kyanwa a cikin bango, ga ta nan yanzu a akwatin gilashi, baki buɗe. Ɗan jagora ya ce al'adar magina ce ta dā, su binne kyanwa a gini don kore sharri. Ɗan yayata ya matso ya ce mini a hankali, "Ashe su ma suna da nasu, Kawu."

A rukuninmu akwai wata dattijuwa, tsohuwar malamar adabi daga Dinan, garin da shi ma Chateaubriand ya yi karatu bayan Dol da Rennes. Da ta ji aikina sai muka ƙulle, muka zauna a bakin tafkin muna jiran jirgi. Ta ce ita tana son alƙalaminsa amma ba ta yarda da rabin abin da ya faɗa game da kansa ba. Ta kawo misalin tafiyarsa Amurka a 1791: wata biyar kacal ya yi, amma ya rubuta kamar ya karaɗe ƙasar har kogin Mississippi, kuma masana da yawa na shakkar ganawar da ya ce ya yi da George Washington, shugaban Amurka na lokacin. Na ce ai ƙarin gishiri ba a kansa aka fara ba. Ta ce haka ne, amma shi da buhu yake zubawa.

Abin da ba a musu a kai shi ne wahalar da ya sha bayan ya dawo. Juyin juya halin Faransa ya yi zafi, ya yi aure a 1792, ya shiga rundunar masu neman maido da sarki, aka ji masa rauni a Thionville, ya tsallaka Ingila a 1793 ba ko anini. Ya ce akwai ranakun da yunwa ta sa shi tsotsar tsumma jiƙaƙƙe da tauna takarda a Landan. A 1794 aka fille kan yayansa Jean-Baptiste da matar yayan a Paris, an kuma kulle mahaifiyarsa da tasa matar da Lucile. Abin da ya rufa masa asiri a ƙarshe shi ne koyar da Faransanci a wani ƙaramin gari mai suna Beccles. Dattijuwar ta ce a tarihin rayuwarsa ya lulluɓe wannan, don a ganinsa aikin bai dace da ɗan sarauta ba. Muka dubi juna, malamai biyu, muka kwashe da dariya.

Ya koma Faransa a 1800. Littafinsa Atala ya fito a 1801, labarin soyayya a dazukan Amurka, ya yi kasuwa ba kaɗan ba. A 1802 ya fitar da Génie du christianisme, inda ya kare addinin Kirista ta hanyar nuna kyawunsa bayan shekarun da aka yi ana rufe coci-coci, kuma littafin ya zo daidai lokacin da Napoleon ke sasantawa da Fafaroma. A cikinsa ne aka fara buga René, labarin wani saurayi mai ƙuncin rai wanda shi kansa bai san abin da yake nema ba, sai matasan Faransa suka mayar da ƙunci abin ado. Napoleon ya ba shi aiki a ofishin jakadanci a Roma, amma da Napoleon ya sa aka harbe yarima d'Enghien a 1804 sai ya ajiye aikin gwamnati. Nan dai na sara masa, don a lokacin mutane ƙalilan ne suka iya ce wa Napoleon a'a.

Sai na kawo nawa ƙorafin. A 1806 ya kama hanyar Girka da Istanbul da Birnin Ƙudus da Masar da Tunis, ya buga labarin tafiyar a 1811. Littafi ne mai daɗin karatu, amma abin da ya faɗa game da Musulmi da Turkawa da Larabawa cike yake da raini, har da yabon yaƙe-yaƙen 'yan gicciye. Mutum ne da ya tafi da hukuncinsa a aljihu tun daga gida. Ina ba ɗalibaina waɗannan shafuka da gangan, don su ga cewa jimla na iya yin kyau alhali abin da ta ɗauko zalunci ne. Dattijuwar ba ta musa ba, ta ce a zamaninsu ba a nuna musu waɗannan shafukan.

Mun isa Saint-Malo da yamma. Masaukin cikin ganuwa ya fi ƙarfin aljihunmu, sai muka kama ɗaki a wani ƙaramin otal a unguwar Paramé, muka riƙa takawa ta bakin teku, inda aka kakkafa manyan kututturan itace a jere don su karya ƙarfin igiyar ruwa.

Bakatsine ba zai ga ganuwar Saint-Malo ransa bai sosu ba. Ta dutse ce, tsawonta ya kusa kilomita 2, kuma a kanta ake tafiya, tsofaffi da masu tura keken jarirai da 'yan makaranta, a zagaye gari gaba ɗaya. A watan Agusta na 1944, lokacin da sojojin Amurka ke korar Jamusawa, wuta ta cinye kusan kashi 80 cikin 100 na gidajen cikin ganuwar. Bayan yaƙi suka tattara duwatsun suka sake gina garin da kamanninsa na dā. Mu kuwa ba bam aka jefa wa tamu ganuwar ba. Ruwan sama ya ci rabonsa, masu ɗibar ƙasa suka ci nasu, masu neman fili suka ƙarasa, muna kallo, yau sai ka nuna wa yaro ƙofa ka ce masa a dā akwai bango hagu da dama. Gaskiya ne tamu ta ƙasa ce, tasu ta dutse, amma ginin ƙasa ma yana daɗewa in ana yaɓe.

Kusa da ƙofar Saint-Vincent gidan da aka haife shi yake, ranar 4 ga Satumba 1768, auta cikin 'ya'ya goma. Yanzu wani ɓangare ne na otal, da ɗan allo a bango. Ya rubuta cewa ana tsakiyar guguwa aka haife shi, rugugin teku ya danne kukansa. Garin na masu jiragen ruwa ne, daga nan Jacques Cartier ya tashi zuwa Kanada a 1534, kuma nan ne matattarar masu fashin teku da lasisin sarki, irin su Surcouf da mutum-mutuminsa ke kan ganuwa. A tarihin rayuwarsa Chateaubriand ya ce mahaifinsa ya tafi tsibirai ya yi arziki a ƙasashen da Faransa ta mallaka, ya wuce wurin da jimla guda. Masana tarihi sun cike gurbin: baya ga kamun kifi da fashin teku, René-Auguste ya yi fataucin bayi daga gaɓar Afirka zuwa tsibiran Karibiyan. Ke nan a cikin kuɗin da aka sayi Combourg, gidan da na tsaya ina jin tausayin yaro a hasumiya, akwai kuɗin mutanen nahiyarmu. Marubucin da ya iya ɓata shafi guda kan kukan tsuntsu bai sami layi biyu ba domin wannan.

Muna wannan magana ne a kan ganuwa, ɗan yayata na riƙe da burodi da kifin gwangwani, sai wani farin tsuntsun teku ya sauko ta bayansa ya fizge abincin ya yi sama. Mutanen wurin ko a jikinsu.

Kabarin yana kan wani tsibiri mai suna Grand Bé, 'yar tazara kaɗan daga ganuwa. Ba jirgi ake shiga ba, jira ake yi teku ta janye. Na sha karanta wannan, amma gani ya kori ji. Da safe ruwa ne shuɗi har gindin ganuwa, jiragen kwale-kwale na yawo a kai. Bayan 'yan awowi sai ga yashi da duwatsu da ciyawar ruwa, jiragen kwance a gefe guda, ga wata hanyar siminti ta fito ta miƙe har tsibirin. A wannan gaɓa bambancin cikar ruwa da janyewarsa kan haura mita 12 a manyan ranaku, yana cikin mafi girma a Turai, shi ya sa tun 1966 suka buɗe tashar lantarki a bakin kogin Rance da ke aiki da wannan kai-komo. Kowane shago na da ɗan littafin jadawalin ruwa, kuma da shi mutanen gari ke tsara yininsu. Wanda ruwa ya rufe wa hanya yana tsibirin, sai ya zauna wajen awa shida, don an hana ratsawa saboda ƙarfin igiya.

Muka sauka ta yashin Bon-Secours muka bi hanyar, santsi ko'ina, sannan muka hau tudu ta cikin ciyayi da ragowar ginin sojojin Jamus. Kabarin na can gefen da ke fuskantar teku, a bakin gangare: faffaɗan dutse guda, da gajeren gicciye na dutse, da ɗan shinge. Babu suna, babu shekara. Shi ya nemi haka. Tun shekaru 20 kafin rasuwarsa yake rubuta wa hukumar gari yana roƙon wannan ɗan fili. Wani allo a gefe yana cewa wani babban marubucin Faransa ya so ya kwanta a nan don kada ya ji komai sai teku da iska, mai wucewa ya mutunta wasiyyarsa.

Yaron ya ce, "Kawu, wannan kam ya yi tawali'u, ko suna bai sa ba." Na ce masa ya waiwaya ya dubi ganuwa. Duk wanda ya hau ta sai ya ga tsibirin, duk jirgin da zai shiga gari sai ya wuce ta gabansa. Mutumin da ya zaɓi wuri irin wannan ya san ba ya bukatar suna. Ya yi jakada a Berlin da Landan da Roma, ya yi ministan harkokin waje daga ƙarshen 1822 zuwa 1824, a zamaninsa ne Faransa ta tura sojoji Sifaniya a 1823, a 1830 kuma ya ƙi yi wa sabon sarki Louis-Philippe mubaya'a, ya bar kujerarsa ta majalisa da fanshonsa. Duk wannan ya yi shi ne da ido ɗaya a kan abin da 'yan baya za su ce.

Babban aikinsa, Mémoires d'outre-tombe, wato tarihin rayuwarsa, ya shafe sama da shekara 30 yana rubutawa yana gyarawa, da nufin kada a buga sai shekara 50 bayan mutuwarsa. Bashi ya hana. A 1836 ya sayar da littafin ga wata ƙungiyar masu zuba jari, suka ba shi kuɗi a dunƙule da wani abu duk shekara, su kuma suka zauna jiran ya mutu. Shi da kansa ya ce ya jinginar da kabarinsa. Da ya ƙi mutuwa da wuri sai suka sayar wa jaridar La Presse izinin buga shi gutsure-gutsure, abin da ya baƙanta masa rai ƙwarai. Ya rasu a Paris ranar 4 ga Yuli 1848 yana da shekara 79, aka kawo gawarsa nan a cikin watan, kuma kafin shekarar ta ƙare jaridar ta fara bugawa.

Muna nan sai muka ji ana busa ƙaho daga ƙasa. Wani ma'aikacin gari ne da aikinsa shi ne koro mutane kafin ruwa ya dawo. Kowa ya kama gangara. Ruwan ba ya zuwa da hayaniya, ta gefe yake lallaɓowa, ka ga wani rami ya cika, sannan wani. Mun tsallake lafiya, amma wasu samari biyu da suka tsaya ɗaukar hoto sai da suka cire takalma suka naɗe wando, ma'aikacin na yi musu faɗa tun daga nesa.

A wani shagon tsofaffin littattafai na cikin ganuwa na sami tarihin rayuwar tasa, juzu'i huɗu na aljihu, takardun sun yi jaja-jaja, yuro 12 duka. Mai shagon ya ce yawancin masu saye ba sa wuce juzu'in farko, inda Combourg yake. Su ne suka sa jakata ta haura nauyin da aka yarda a filin jirgi ranar komawa, dole na bar wa yaron takalmi ɗaya da kwalaben man shanu biyu da na yi niyyar kai wa mahaifiyarsa tsaraba.